Tsinken Tsintsiya a Cikin Fanka

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da akwatin kwamfutar da kika rungumo tun daga Zakirai, kun sauka gidan Gwaggonki Asabe babu wanda ya karye a cikinku. Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya, da sharrin mutum, da sharrin wutar birni mai zuwa ba sallama ta tafi ba sallama.

In kin ga wani harafi ya kwanta inda bai kamata ba, ki ƙyale shi ya huta. Kin san a aji biyu na sakandare ni da boko muka rabu, kuma har yau babu wanda ya nemi ɗan'uwansa. Da baki na so in yi miki maganar nan, sai dai duk sanda na buɗe baki a gabanki wasa ne yake fitowa, ki yi murmushi ki sunkuyar da kai, shi ke nan an tashi. Sunan mahaifiyata kika ci, shi ya sa nake ce miki Uwata, amma sunan kawai kika ɗauko, bakin kin bar mata. Ita, Allah Ya ji ƙanta, in ƙaya ta soke ta a gona sai an ji a cikin gari. Ke kuwa kin taɓa yin zazzaɓi kika ci gaba da surfe har kika faɗi, don kada a ce kin dami mutane.

Wannan halin naki shi ya zaunar da ni rubutu.

Da na kira Yaya Asabe in yi mata godiyar karɓarki, cewa ta yi, "Sale, yarinya tawa ce, ko ba ka roƙa ba. Amma ka san kaina. Likita ya ce jinina yana hawa, ɗakin kuma guda ɗaya ne. In injin niƙan nan naka zai zo ya riƙa yi mini gurnani a ka, ni da shi ba za mu zauna a ƙarƙashin rufi ɗaya ba."

Na ce, "Haba Yaya, ai ba injin niƙa ba ne."

Ta ce, "Na je shagonka na ji da kunnena. Kar ka raina mini hankali."

To kin ji. Hajiyar da ta ɗauke ki aikin haɗa bidiyon biki ta ɗauke ki ne don kina da injinki, kuma don mata sun fi son mace ta ga hotunansu na kamu da wuni. In Gwaggo ta fitar da akwatin nan, aiki ya tafi. In kin toshe masa numfashi don ki faranta mata ya ƙone, aiki ya tafi. Ta kowace ƙofa sai ki dawo Zakirai ki taya ni jera wayoyi a allon caji, ni kuma na rantse ba haka za a yi ba. Saboda haka ki karanta wautata a tsanake. Na riga na yi ta, ba sai kin sake ba.

Lokacin da na fara kawo kwamfuta shagon nan don in riƙa tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori, abin da na sani game da inji shi ne abin da kowane manomi ya sani: mai ƙarfi shi ne mai ƙara. Injin ban-ruwa in ya yi shiru, ya mutu. Injin niƙa in ba ya girgiza ƙasa, ba ya niƙa. Sai ga wannan yana aiki yana ɗan huci kamar jariri mai barci. Na ce an cuce ni, an sayar mini da mara lafiya. Na tafi Gezawa wurin Bala mai gyara, na ce ya ƙara masa fanka. Ya ce, "Malam Sale, waɗanda ke ciki sun isa." Na ce ni ne mai kaya. Ya ɗaga kafaɗa ya ɗaura mini wasu ƙanana guda biyu, ya jona su kai tsaye yadda ba sa sanin sanyi ba sa sanin zafi, gudu ɗaya suke yi daga kunnawa har kashewa.

Ranar da na dawo da shi, kai, na ji ni attajiri ne. Tanimu tela, maƙwabcin shagona, ya leƙo ya ce, "Sale, jirgin ina zai tashi? In Makka ne a riƙe mini kujera." Na ce hassada ce. Amma mutum zai zo a tura masa karatu, in kunna masa ya ji ko shi ne, sai ya kanga kunne a jikin sifika yana cewa, "Ƙara murya!" In ƙara murya, fanka ta ci gaba da nata, Tanimu ya taka kekensa da ƙarfi don haushi, shago ya zama tashar mota. A wannan zamanin ne Gwaggonki ta zo ta ji da kunnenta. Kuma da na koma wurin Bala ya nuna mini lambar zafin injin, duk ihun nan abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. Ƙananan fankokin iska suke dambe da ita a ciki, ɗaya na turowa ɗaya na mayarwa.

Don haka abu na farko: ƙara ba sanyi ba ce. Iska hanya take so. Ta gaba ta jawo, ta baya ta fitar, kamar zaure mai ƙofa biyu. In kin yi shakkar wace ce ke jawowa, ki kanga ɗan zare a bakinta ki ga inda zai karkata. Kuma babbar fanka mai juyawa a hankali ta fi ƙarama mai haukan gudu, ga iska ga shiru. Waɗanda ke cikin akwatinki yanzu manya ne. Kada wani mai shago a birni ya yi miki daɗin baki ya ƙara miki masu fitilu ja da kore. Ba gidan biki za ki buɗe ba, bikin wasu za ki haɗa.

Yanzu ga babbar. Wannan ko Innarki ba ta gajiya da ba da labarinta, amma ita tana ƙara gishiri, gara ki ji daga bakin mai ita.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, sai ga kakanki na wajen uwa, Malam, ya tsaya a ƙofar shagona. Kin san tsakanina da shi. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in na hango shi a hanya sai in tuna ina da aiki a wata hanyar. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa masa tabarma a ciki. Ya zauna. Fanka kuwa tana ta aikinta na jirgin Makka. Na saci kallonsa, sai na ga ya yamutsa fuska ya kai hannu gefen kunnensa.

Uwata, ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Kashe injin ba zai yiwu ba, ina tsakiyar tura wa mutane kaya, ga su tsaye a waje. In tambaye shi ko ƙarar ce ta dame shi? Ni? In tambayi surukina abin da ke damunsa? Sai na lallaɓa na zari tsinke daga tsintsiyar shago, na zura ta ramukan akwatin na tokare ƙananan nan. Ƙara ta ragu, ba ta mutu ba. Na ƙara wani tsinken na tokare ta can ciki, wadda ke zaune a kan ƙwaƙwalwar injin. Tsit. Har ina jin kukan kaji daga layin 'yan kaji. Na ce a raina, yau na nuna tarbiyya. Don in cika ladabi sai na ɗauko sallaya na lulluɓe akwatin, kada ko hucinsa ya taɓa Malam.

Malam ya yi zamansa yana jan carbi. Ni ina gefe a rakuɓe kamar an kama ni da kazar mutane. Can sai allon kwamfutar ya fara tafiya kamar tsohon jaki, ya tsaya, ya yi baƙi. Na kunna, ya sake mutuwa. Na sake kunnawa, don wauta ba ta gajiya. A karo na ƙarshe wari ne ya amsa. Malam ya ɗaga kai ya ce, "Sale, wani yana ƙona roba a nan kusa?" Na ce, "Allah gafarta Malam, 'yan faci ne."

Da yamma na ba Innarki labari ina jiran yabo. Ta dube ni, ta zauna daɓas, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Malam ɗin? Ai kunnen nan ya daɗe da yin nauyi. Haƙori ke damunsa, ya zo kasuwa neman magani, rana ta yi masa yawa ya shigo inuwa."

Bai ji fankar ba. Ko kaɗan bai ji ta ba. Na ƙona abin da nake ci da iyalina saboda ƙarar da ba ta dami kowa ba sai ni da kunyata.

Da na kai wa Bala gawar, ya buɗe ya zaro tsinkayen ɗaya bayan ɗaya ya jera su a tebur. Bai yi dariya ba, wannan ya fi ciwo. Ya ce, "Malam Sale, ita wannan ta kan ƙwaƙwalwa ko sarki ne ya shigo ba a tsayar da ita." Damina guda na yi ina caji kawai, babu turi, ina kallon masu memori suna wuce ni zuwa shagon gaba.

Ki dube ni da kyau, Uwata, don a nan nake tsoronki. Ke jinina ce a wannan. Ranar da Gwaggo za ta juya a gado ta yi tsaki, na san abin da zuciyarki za ta ce miki: lulluɓe shi da zane, tura shi ƙarƙashin gado, saka shi cikin kwaba a rufe, zare wayar fanka. Kada ki yi ko ɗaya. Ki buɗe baki ki ce, "Gwaggo, ƙarar ce ta dame ki?" Wataƙila ƙarar ce. Wataƙila sauro ne, ko gwiwa, ko ta tuna wani abin da na yi mata muna yara, waɗannan suna da yawa. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Da na yi ta ranar nan, da kakanki ya ce, "Me ka ce?" an wuce wurin.

Bayan an tashi injin da sabon ciki ne Bala ya ga in bai koya mini ba, zan kashe shi da zirga-zirga. Ya nuna mini ɗakin da ake daidaita fanka a cikin kwamfutar. Kin sha ganina ina shiga, amma bari in rubuta. Da kin kunna, kafin komai ya fito, ki yi ta danna maɓallin da aka rubuta Del a kansa. Zai kai ki wani allo da suke kira bayos. Ki nemi inda aka zana fanka. Za ki ga layi mai ɗige-ɗige yana hawa kamar tudu: ta ƙasa zafin injin ne, ta gefe gudun fanka. Duk ɗigon da kika ja sama, kin ce mata in zafi ya kai nan ki ƙara gudu. Shi ke nan ilimin. Ni da na gan shi sai da na ji haushin tsinkayena.

Amma ba ni ba ne in ban sake yin wata ba. Na zauna da safe, cikin damina, an kwana ana ruwa, na ja ɗigogin nan duka ƙasa. Inji ya yi shiru, lamba ta yi kyau, na kira Tanimu ya zo ya ji. Ya kasa kunne ya ce, "Ya mutu ne kuma?" Na ce a'a, ilimi ne. Haka muka tafi lafiya har bazara ta shigo, kwanon rufi ya fara gasa mu kamar gurasa. Sai injin ya koma tafiyar tsohon jakin nan, yana kashe kansa ana tsakiyar aiki. Na auna shi a ranar daɗi, ya zo ya gamu da ranar wuya.

Saboda haka kada ki daidaita shi da sanyin safiya. Ki bari sai bayan azahar, ɗaki ya ɗau zafi, ki ba shi aiki mafi nauyi da kike da shi, irin fitar da bidiyon biki gaba ɗaya, ki zauna kina kallon lambar zafi. Abin da ya ishe shi a wannan lokacin shi ne gaskiya. Kuma ɗakin Gwaggo ba shagona ba ne, nata bulo ne da kwano, taga ɗaya, gidaje sun kewaye shi. Yadda na saita miki a nan na Zakirai ne. Ki sake naki a can, in yanayi ya juya ki sake dubawa.

Ga yadda nake yi. Daga ƙasa har zafi ya kai wajen hamsin, in bar ta tana juyawa a hankali, ba a tsaye ba, yadda sai kin kasa kunne za ki ji. Daga nan layin ya riƙa hawa sannu-sannu. In ya doshi tamanin, a sake mata linzami gaba ɗaya. Kada ki yi tudun ya miƙe tsaye kamar katanga, don na yi wannan ma. Zafi ya ɗan motsa ta zabura, ya sauka ta lafa, wuu, shiru, wuu, shiru, kamar mai minshari. Tanimu ya ce gara jirgin Makka, shi aƙalla an san inda ya dosa. Kuma gaskiyarsa. Kunne yana sabawa da ƙara mai tafiya daidai har ya manta da ita, mai tashi da faɗuwa ita ke hana sukuni. In kin ga wurin da ake sa ta ɗan jira kafin ta canza gudu, ki sa. Mai hawan jini ba ya son abin da ke zabura.

Wani abin kuma, ba duk ƙara ce ta gudu ba. Wata ta rawar jiki ce. In akwatin yana kan teburin katako mara ƙwari, teburin ne zai riƙa yi masa amshi. Na yanko miki robar tsohuwar tayar keke, tana cikin kwalin injin, ki sa a ƙarƙashin ƙafafunsa. Kada ki manna bayansa da bango, ki bar masa kamar tsawon hannu. Kada ki ajiye shi a ƙasa inda ake shara. A nan ƙaiƙayin gero ne ke shiga lokacin sussuka ya toshe shi, na taɓa buɗewa na tarar da abin da zai ishi akuya karin kumallo. A can ban san me za ki tarar ba, amma za ki tarar. Ki kashe, ki zare waya daga bango, ki buɗe ki hure da famfon keke, kina riƙe da fiffiken fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙarfinta.

In kuma wata ta fara kuka irin na ƙofar da ba a shafa wa mai ba, ki ɗiga mata man keken ɗinki kaɗan, ko ki canza ta. Man keken ɗinki na ce. Ni man gyaɗa na zuba, na Innarki, mai kyau, na ce abin da ya gyara miya ba zai ɓata fanka ba. Kwana kaɗan ta yi santsi. Daga nan ya daskare ya kama datti, kiyashi suka ji labari suka yi layi tun daga bakin ƙofa. Tanimu ya ce in ƙara albasa.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ce ki buɗe baki. Duk dabarar da za ki yi, akwai lokacin da injin nan dole ya yi ƙara. In yana fitar da babban aiki cikin zafi, zai yi gurnani, haƙƙinsa ne. Ba za ki iya ɓoye wannan ba, sai dai ki nema masa lokaci. Ki zauna da Gwaggo tun kafin ya yi, ki ce, "Gwaggo, abin nan yakan yi ƙara in yana babban aiki. Wane lokaci ne ba zai dame ki ba?" Tana zuwa islamiyya, tana zuwa barka da gaisuwa, ba ta rasa unguwa. Ki tara manyan ayyukanki sai ta fita. Yankan hoto da jera shi, wannan ba ya zafafa shi sosai, ki yi tana nan. Na san Yayata. In an ɓoye mata abu ta gano, sai gari ya ji. In an shawarce ta, sai ta fi ki kishin abin. Ina ganinta tana korar yaran maƙwabta tana cewa a yi shiru 'yarta tana aiki.

Ɗigo na ƙarshe, na can saman tudu, shi kaɗai nake roƙon kada ki taɓa. Sauran naki ne, ki ja su yadda kika ga dama, kin fi ni ido kin fi ni karatu. Amma wannan ki bar shi a sama. Ranar da zafi ya kai can, ki bar shi ya yi ihunsa ko wa ke ɗakin, ko Gwaggo, ko baƙinta, ko ni. Kuma ke ma, ranar da abu ya kai miki can, ko ciwo ne, ko aikin ya fi ƙarfinki, ko wani ya taka ki, ina so in ji. Kada ki yi mini surfe da zazzaɓi a garin da ba na gani. Lambata ba ta canza ba, kuma ni mai caji ne, wayata ba ta mutuwa.

Innarki tana gaishe ki. Ta ɗinka wa akwatin riga mai fure, ta ce kada ya je birni tsirara. Ban iya hana ta ba. Ki karɓa, ki yi godiya, ki sa masa in yana kashe kawai.

Shago ya yi shiru tun da kuka tafi. Yanzu mutane suna jin barkwancina sarai, kuma na lura sun rage dariya. Ashe da can ba sa ji ne, suna ganin bakina yana motsi su yi mini kara. Tanimu ya ce in je in karɓo injina. Na ce masa ya saba da shirun, don injin nan ba zai dawo Zakirai ba sai dai ya zo yawon salla.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Allah Ya sanyaya zuciyar Gwaggonki, Ya saukar da jininta, Ya sa albarka a hannunki da abin da kike taɓawa. Allah Ya raba ki da wutar da ke ƙona kaya da kunyar da ke ƙona mutum. Ki gaishe da Yaya, ki ce mata injin niƙa ya tuba.

Tsintsiyar ɗakinku kuma, ki ajiye ta nesa da shi.

Wassalam. Ni ne mahaifinki,
Sale mai caji